Igiyar da Na Ja a Gonar Kawu

Wani abokin cinikina na Ƙonni ne ya kawo mini gwangwanayen, kwali guda, cikin kayan da suka zo masa daga bakin teku. Kowane ɗaya bai fi tafin hannu ba, yana shigewa aljihun riga ba wanda ya sani. A ciki akwai ƙyastu, da usur, da kamfas, da reza, da fatsa, da ƙwayoyin gyara ruwan sha, da wata leda mai ƙyalli da aka ce bargo ce, sai doguwar igiya siririya, ja wur. Wai idan dare ya rutsa da mutum a daji, wannan ya ishe shi. Na tuna 'yan kabu-kabun Illela da babur ke mace musu a ɓarauniyar hanya tsakaninmu da Nijar, na ce kasuwa ta faɗo. Sai dai ni mutum ne mai son a ce ya gani da idonsa. Na ƙudura zan kwana a fili da gwangwani ɗaya, ba tabarma ba guzuri, in dawo rumfa in cika wa masu saye kunne.

A lokacin daji bai lalace ba, ana iya kwana a waje ba fargaba. Wurin da ya zo mini a rai shi ne gonar kakana a wajen Tozai, wadda Kawu, wan mahaifiyata, yake nomawa. Akwai rabon mahaifiyata a cikinta. Tun da ta rasu ba a raba ba, ba a kuma taɓa tayar da maganar ba. Ni ina gari ina cin abinci da ciniki, shi kuwa da gonar yake ciyar da gida cike da mutane. Wallahi ko a mafarki ban taɓa sa ido a kan taƙi ɗaya na gonar nan ba.

Na san halin Kawu. Idan na shiga na gaishe shi, sai an yanka kaza, sai an shimfiɗa mini a ɗakin baƙi, gwaji kuma ya tashi. Saboda haka na yi dabarar da na ɗauka wayo ce: na kewaye ƙauyen ta baya, na faɗa gonar bayan la'asar. An riga an girbe gero, sai kara a kwance.

Na fara da kamfas. Na bi gefen gonar ina tafiya ina kallon tafin hannuna, in tsaya, in juya, in ci gaba. Daga nan na fere 'yan itatuwa da reza na kakkafa a ƙasa, na warware jar igiyar nan na ja ta daga wannan turke zuwa wancan, ina neman inda zan rataya ledar ta zame mini rumfa. Iska ta ƙi ba ni haɗin kai, na yi ta cirewa ina sake kafawa. Ina cikin haka maƙwabcin gonar ya zo wucewa da amalanken jakinsa. Ya san ni, na san shi. Muka gaisa, ya dubi turakun, ya dubi igiyar, ya kaɗa jakinsa ya wuce.

Bayan magariba sai ga shi ya dawo da kwano biyu ɗaure a tsumma, tuwo da fura. Tun daga nesa hancina ya gane miyar gidan Kawu.

Ya ce, "Kawunka yac ce a kawo maka. Ya ce kuma ƙohwa buɗe take."

Cikina ya yi ƙara, amma girman kai ya fi shi murya. Na ce, "Ka ce mai na gode. Yau ba ni cin abincin gida, abin da niz zo da shi ya ishe ni."

Ya ce, "Haka za ni ce mai?"

Na ce haka. Ya ɗauki kwanukansa ya juya. Ni ɗan Illela, wanda aka haifa aka raina cikin mutanen nan, na mayar da kwanon kawuna, na zauna ina jin kaina jarumi.

Daren ba abin da zan yi alfahari da shi. Ƙyastun ya ba da wuta bayan ya cinye mini fatar yatsa. Bargon leda yana riƙe ɗumi, amma ko numfashi ka yi sai ya yi ƙara kamar ana buɗe buhun taki. Fatsa kuwa na juya ta a hannu, na dubi gonar da ko kwaɗo ba ya samun ruwa a cikinta, na mayar da ita gwangwani. Na kwana da yunwa, ina tsara yadda zan gyara labarin a rumfa.

Da hantsi na hango mutum uku suna tahowa. Kawu a gaba da sandarsa, ya sa babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, bayansa limamin ƙauyen da mai unguwa. Na durƙusa na gaishe su. Kawu ya amsa yadda ake amsa wa baƙo.

Ya ce, "Ba ka da laihi, ɗana. Haƙƙin uwarka na. Sai dai da ta ƙohwa kab biyo, da ni da kaina zan riƙe maka igiyar."

Sai a lokacin na waiga na ga abin da kowa ya gani tun jiya: ɗan marigayiya ya zo daga gari, ya ƙi shiga gida, ya bi iyakar gona da na'ura a hannu, ya kafa turaku, ya ja igiya, ya kuma mayar da abinci. A wurinmu ba mai yin haka sai wanda ya zo awon gado da fushi. Kunya ta rufe ni.

Na zazzage gwangwanin a gabansu ina rantsuwa, ina bayani, magana na cin karo da magana. Mai unguwa ya ɗauki usur ya busa, liman ya juya baya yana danne dariya. Kawu bai yi ko murmushi ba.

Ya ce, "Na yarda da kai. Amma jiya ban yi kwana ba, ina tunanin shekara nawa ina cin abin ƙanwata ban tambayi ɗiyanta ba. Garin ga duk ya ji an maido min kwano. Tunda manya sun taho, a raba."

Na roƙe shi, na ce na yafe, na ce ya ci gaba da nomansa har abada. Ya ce sai an fitar da abu ake kyauta da shi, liman kuma ya ce gaskiya ce. Aka nemi igiyar awo, ba wadda ta kai tawa tsawo. Da ita aka auna, ni ne kuma na riƙe baki ɗaya, Kawu ya riƙe ɗayan. Da aka fitar da rabon na ce to na ba Kawu kyauta, ya ce ya ji, za a yi magana. Ba a sake yin ta ba.

Gwangwanayen sun shiga kasuwa, wasu sun saya, wasu sun yi dariya. Ni dai ban ba kowa labarin gwajin ba.

Da kaka ta zagayo, wata safiya mota ta tsaya a ƙofar gidana aka fara sauke dammunan gero. Kawu ya nome rabon mahaifiyata da ƙarfinsa da takinsa, ya aiko da amfanin duka, ko zangarniya bai rage ba. Na ce wa direban ya mayar, ba na bukata, can ne ake da bakunan ci. Direban ya ce Kawu ya san zan faɗi haka, ya kuma ba shi saƙo.

"Ya ce in gaya maka, sau guda ya isa a maido mai abinci."

Na matsa gefe aka shigar da geron. Haka yake zuwa kowace shekara, in tsaya a zaure ana jibge shi, na kuma san rumbun Kawu ne ya ragu kafin ya zo.