Yadda Tirela Ya Shiga Mota Mai Ƙofa Biyu

Abokina Tirela ya rasu a bara, Allah ya jiƙansa. Zuciyarsa ce ta tsaya yana tsaka da goge ƙafar wani tebur. Mutane sun san shi a kafinta, kuma lalle kafinta ne na ƙwarai, rabin gadajen layinmu aikin hannunsa ne. Amma ni wani abu daban nake so in rubuta. So nake 'ya'yansa su san babansu ya taɓa son wani abu irin son da yaro ke yi wa abin wasa, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba.

Ni mai aski ne. Shagona da nasa bango ɗaya ya raba, shi ya sa kullum garin katakonsa ke cikin burushina, gashin mutanena kuma ke maƙale a fentinsa. Mun yi ta faɗa a kan wannan shekara da shekaru, ba wanda ya matsa. Mu muka sa masa suna Tirela, don ga tsawo ga faɗi. Idan zai shigo shagona sai ya karkace, in ya shigo kuma sai na kunna fitila. Kujerar askina tun ranar farko ta yi masa kuka, sai ya je ya ƙero benci nasa na kansa ya ajiye a kusurwa.

To wannan ƙaton mutum, ba abin da yake so a duniya kamar motocin tsere, ƙanana masu ƙofa biyu, waɗanda cikinsu ya kusa shafar ƙasa. Bangon shagonsa duk hotunansu ne, ya yanko daga tsofaffin kalanda. Matarsa, wadda nake kira Yaya don ya girme ni, takan ce, "Mutum kamar rumbu, ya rasa abin so sai mota kamar takalmi."

"Ke ma ai 'yar ƙarama ce na ɗauko," in ji shi.

Muna da 'yar ƙungiya ta masu irin wannan ciwo. Da yamma idan an tashi aiki, shagona ake taruwa don ni ke da talabijin. A yi ta gardamar inji da taya da wacce ta fi wacce gudu, alhali a cikinmu ba mai ko madubin irin motar nan. Babban mai gardamarmu shi ne Lauya. Ba lauya ba ne, cajar waya yake sayarwa, amma tun da nake ban taɓa ganin ya amsa an kayar da shi ba.

Lauya ne ya fara kawo labarin wata sabuwar mota. Ya miƙo waya muka haɗa kai. Kamfanin sun lulluɓe ta da zane, fitila ɗaya kawai suka bari a waje, kamar mai leƙe ta labule. A kan fitilar nan kaɗai mun yi sati muna magana. Ana cikin haka manajan gidan sayar da motoci na babban titi, wanda ni nake yi masa aski, ya gaya mini za a kawo musu guda ɗaya ta nuni. Na riƙe almakashi na roƙe shi, ka san mutum ba ya musu da wanda ke riƙe da kansa. Ya yarda mu zo da safe kafin manyan baƙi, kowa ya zauna a gaban sitiyari ya tashi.

"Zama kawai," ya ce. "Ba tuƙi, ba taɓe-taɓe."

Da na faɗa wa jama'a, shago ya ɗauki murna. Tirela ne kaɗai ya zauna yana kallon gwiwoyinsa. Sai da aka watse ina shara ya ce, "Ɗan'uwa, ka san ban taɓa zama a cikin ko ɗaya ba?"

Ban sani ba. Ya ce yana saurayi wani da ya yi wa aikin ƙofofi ya taɓa cewa ya gwada tasa. Ya sa kai, kafaɗa ta ƙi, ya juya, cinya ta ƙi, mutanen gidan suna ta dariya. Tun daga ranar daga nesa yake son su.

"Ba na so in je gaban kowa in tsaya a bakin ƙofa kamar kabad ɗin da ɗaki ya ƙi ci," ya ce. "Amma in na bar wannan ta wuce, wa zai sake ce mini zo ka zauna?"

Washegari na ji zarto tun kafin in buɗe shago. Lauya ya samo masa awon motar a waya, tsayin rufi, faɗin ƙofa, nisan kujera da sitiyari. Tirela ya ɗauki tef da fensir ya ƙera cikin motar nan da katako a bayan shagonsa, daidai da awon, bai ƙara ko kaurin farce ba. Kujera can ƙasa, murfin bokiti a matsayin sitiyari, ƙofa mai buɗewa. Da yake hannunsa ya saba da akwatuna, rufin ma sai ya sa masa hinji, yana ɗagawa sama kamar murfi.

Gwajin farko bai yi daɗi ba. Ya sa ƙafa, ya sunkuya, ciki ya tokare da murfin bokiti, ƙofa ta ɓalle a hannun Lauya.

"Ƙara mata faɗi kaɗan mana," wani ya ce.

"In na ƙara a nan, can wa zai ƙara mini?" ya ce. "Ba ita za a ƙara wa ba, ni za a rage."

Likita ya daɗe yana binsa ya rage jiki saboda hawan jini, yana cewa to, yana ƙara faranti. Abin da likita ya kasa, mota ta yi. Ya daina sa sukari a shayi. Burodin da yake cinyewa shi kaɗai ya koma rabawa da ni. Da safe yana zaga filin ƙwallo a ƙafa, yana huci kamar sunansa. Wata rana Yaya ta leƙo shagona, ta rage murya.

"Don Allah ka ce wa manajan nan kada su yi saurin kawo ta. Su bari ta shekara."

"Yaya, kishi kike yi ko murna?"

"Wandon da ya sa ranar da ya fara zuwa gidanmu, jiya ya shige shi. Ka bar ni da murnata."

Rage jiki kaɗai bai isa ba, sai da dabara. A nan Lauya ya naɗa kansa koci. Bayan gardama mai tsawo aka tsaya a kan tsari: a ba mota baya, a fara ajiye mazaunai, a naɗe wuya, a shigar da kai, sannan a kama gwiwa da hannu a ɗaga ta a wuce da ita ƙarƙashin sitiyari, ɗayar ta biyo. Kullum da yamma kafin a kunna talabijin sai mun zaga baya an yi gwaji. Ranar da ya fara shiga ba tare da katako ya yi ƙara ba, ya rufe ƙofa, ya riƙe murfin bokiti yana kallon bango kamar titi ne a gabansa. Da ya gama sai ya tura rufin da kansa, ya miƙe tsaye, ya tsallako waje. Muka yi ta tafi. Haka aka riƙa yi har ranar ta zo, ya shiga ta ƙofa, ya fito ta sama, muna tafi.

Ranar, ni na yi masa aski da sassafe. Ya ce in rage gashin sosai, ko nan ma an samu wuri. Yaya ta ce ba za a yi babu ita ba, ta biyo mu. A bakin ƙofar gilashi ta gidan motocin ya tsaya ya zazzage aljihunsa, ƙusoshi da tef da guntun takardar goge katako, ya cire fensirin bayan kunne, ya miƙa mata duka.

Manaja ya janye zanen. Kore ce mai duhu, kamar ganye bayan ruwan sama, ta kwanta a ƙasa kamar kyanwa za ta kama ɓera. Lauya da bakinsa ba ya hutawa, sai da ya yi shiru. Aka fara shiga ɗaya bayan ɗaya. Ni ma na zauna, amma gaskiya ban ga komai ba, hankalina na kan Tirela. Ya tsaya can baya yana goge tafin hannunsa a wando.

Manaja ya dube shi, ya dubi motar, ya dube ni. "Maigida, wannan fa..."

"Ka bar shi," na ce. "In ta ƙi shi, da kansa zai koma."

Tirela ya matso. Ya ba ta baya. Ya sauka a hankali, ya naɗe wuya, kai ya wuce. Ya kama gwiwa ya ɗaga, ta wuce, ɗayar ta bi. Ko fentin bakin ƙofa bai shafa ba. Ya jawo ƙofar ta rufe da wata 'yar ƙara mai taushi. Ta gilashi na ga ya ɗora manyan hannayensa a kan sitiyari, yatsun nan masu tabon zarto, ya lumshe ido yana shaƙar ƙamshin fata. Yaya ta kama bakin mayafinta ta riƙe. Ba wanda ya yi tafi, mun manta.

Can manaja ya ƙwanƙwasa gilashi, baƙi sun fara fakin a waje. Tirela ya gyaɗa kai, ya yi murmushi, ya tura rufi da kansa. Muka ji ƙum. Ya sake turawa. Sannan ya buɗe ƙofa a hankali ya dube ni.

"Ɗan'uwa," ya ce, "ba ta ɗagawa."

Sai a lokacin muka dubi juna. Duk watannin nan shiga muka koya, ba wanda ya taɓa tunanin fita.

"Yi tsarin da baya-baya," in ji Lauya.

Ya gwada. Gwiwar da ta shiga da daɗi ta ƙi fitowa, sitiyari ya riƙe ta.

"To a kwance kujerar," Lauya ya sake cewa.

"Ko kusa," in ji manaja, gumi na bin askin da na yi masa.

Yaya dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna a kan wata tayar nuni. "Ku bar shi," ta ce. "Ku sayar da ita da shi a ciki, ba ya cin abinci da yawa yanzu."

Manaja ya ce sitiyarin na iya matsawa sama amma sai an kawo wuta. Ya leƙa ya ce Tirela ya danna maɓallin nan sau ɗaya, kada ya taka komai. To ƙafar Tirela ba inda za ta zauna a wurin nan sai kan birki. Ashe in an taka birki aka danna, kunna mota ke nan, yana dannawa injin ya tashi. Gilasan wurin suka ɗauka, na ji ƙarar a ƙirjina. Manaja na ta cewa a kashe, a kashe, Tirela kuwa bai ji shi ba, ko kuma ya ji. Fuskarsa a lokacin, ban taɓa ganinta haka ba, ko ranar da aka haifa masa 'yar fari.

Da aka kashe, aka ɗaga sitiyari, aka ja kujera baya iyakar ta. Duk da haka sai da ya fara sauko da hannuwa ƙasa, ya fito da rarrafe a kan tayil mai sheƙi, daidai lokacin da manyan baƙi ke shigowa. Abin da ya daɗe yana tsoro ke nan, a yi masa dariya a gaban mota, kuma an yi. Amma tasa ta fi ta kowa ƙarfi. Wani dattijo mai kwat ya miƙa masa hannu ya tambaye shi yaya cikinta.

"Shiga da daɗi, ranka ya daɗe," ya ce. "Fitar ce sai ka zo da iyali."

A ƙafa muka koma. Yaya da Lauya na gaba suna gardamar laifin wa, mu biyu muna baya. Wajen tsallaka titi ya dafa kafaɗata.

"Ka san a ciki ba da kunne ake jinta ba?" ya ce. Ya kai hannu ya taɓa tsakiyar bayansa. "A nan take shiga."

Na ce ai na ji, ina tsaye a wurin.

"Ba ka ji ba," ya ce, yana murmushi.

Ban yi masa musu ba. A cikinmu duka shi kaɗai ya ji, kuma har gobe ina gode wa Allah da ya sa shi ne.