Likitan da ya yi wa Umma Hausa

Ko zan manta komai na zamana a Jidda, ban da ranar da na shigo gida da hoton likitan nan.

Lokacin ina aikin gyaran rubutu a wata ƙaramar maɗaba'a a unguwar Bagdadiyya. Aka ba ni tarihin wani likita ɗan Amurka mai asalin Indiya, wanda ke bayanin lafiya a talabijin, in duba kafin a buga. Aiki ya yi mini yawa, na kwaso shafukan zuwa gidanmu a unguwar Nuzla, na baje su bayan la'asar, hotonsa na sama. Mahaifiyata ta zo wucewa da butar shayi, sai ta ja ta tsaya.

"La! Ai likitana ne wannan!"

Na yi dariya na ce, "Umma, ke da ba kya jin Turanci, ina kika san shi?"

"Wane Turanci? Hausa yake yi tsaf, ya fi ki iyawa ma. Shi ya ce a bar allurar ciwon sukari, halas, shi ke nan, garin maganinsa ya wadatar."

Na ce ta nuna mini shi. Ta miƙo mini wayarta. Ga fuskarsa, ga farar rigarsa, baki na motsi, Hausa na fita. Ni kuwa da na kwana na wuni cikin tarihin mutumin nan, na san ko "sannu" ba ya ji, kuma ba ya sayar da magani. Wasu marasa tsoron Allah ne suka ɗora masa murya da na'ura.

"Umma, yaushe rabonki da allura?"

"Tun bayan azumi," ta ce, tana ta zuba shayinta.

Na tuna ciwon sukari kan ci ƙafa, sai na durƙusa na zare mata safa. Innalillahi! Babban yatsanta ya yi baƙi ƙirin. Wai mai kawo mata garin ta ce ciwon ne ke fita. Ban ma san lokacin da na yafa abaya ba. "Yalla, Umma, asibiti!"

Ƙafar ta tsira, amma sai da aka yanke yatsan. Da ta farfaɗo na kasa daurewa, na ce yaya za ta yarda da mutumin cikin waya.

Ta dube ni ta ce, "To, shi ya zauna ya yi mini bayani da harshena, kuma ba ya sauri."

Ranar na gane cewa tsoho mai ciwo yana neman wanda zai zauna da shi ya fahimtar da shi ne. In nasa ba su zauna ba, macuci zai zauna.