Ruwan Tankinmu da Katangar Inna

A lokacin ina aji huɗu a sakandare, yarinya ce ni mara magana, wadda ko a aji sai an kira sunana sau biyu kafin in ɗaga kai. Amma ina da lura da ƙananan abubuwa. Gidanmu yana Kwaciri a Fagge, katangarmu ɗaya da wata dattijuwa mai sayar da daddawa da muke kira Inna, ɗakinta na ginin ƙasa yana jingine da wajen tankin ruwanmu. Da Baba ya gaji da yadda ake mantawa da injin ruwa a kunne, sai ya sayo wani ɗan makunni a Sabon Gari wanda ake sarrafawa da waya. Ya ɗora mini aikin saita shi, don ni na fi kowa sanin waya a gidan. Na saita ya kunna ƙarfe bakwai na safe, ya kashe bakwai da rabi. Baba ya yi ta yabona a gaban abokansa a zaure, yana cewa 'yarsa injiniya ce.

Ba a yi mako biyu ba na gano matsala. Idan aka ɗauke wuta injin yana aiki, aka dawo da ita bayan bakwai da rabi, sai ya ci gaba da zuƙo ruwa, domin lokacin kashewar ya riga ya wuce. Sau biyu ina jin ƙugin injin, in lallaɓa in kashe da hannu. Ban faɗa wa kowa ba. Kunya nake ji a ce injiniyar Baba ta yi kuskure.

Wata Asabar muka tafi suna Rijiyar Lemo, mun fita babu wuta. Da la'asar muka dawo muka tarar da ruwa yana malala har bakin ƙofa, mata sun taru, Inna tana zaune a kan turmi da ƙwaryar daddawarta a cinya. Gindin katangar ɗakinta ya jiƙe ya zabge, tabarmarta da buhun kalwarta suna cikin laka. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi Allah ya taƙaita tunda ba ta ciki, ta kuma tambayi Baba inda za ta sa haƙarƙarinta. Wannan tambayar ta fi mari zafi a wurina. Baba ya rantse washegari sai ya mayar wa matar da ta sayar masa da makunnin jabun kayanta. A nan na daure na ce masa na san da matsalar tuntuni. Sai ya ce in shirya, tare za mu je.

Mai shagon wata Madam ce haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Ta yi dariya ta ce wa Baba, Alhaji ya saya wa wutar Kano agogo kamar tana cika alkawari. Ni kuwa ta zaunar da ni ta nuna mini yadda zan saita makunnin ya zauna a kashe duk lokacin da wuta ta dawo, kuma ya riƙa ƙirga minti talatin daga sanda ya kunna, ba ruwansa da agogo. Ta ƙara mana da wata 'yar ƙwallo da ke yawo a cikin tanki, tana yanke injin idan ya cika. Da muka dawo na sa Baba ya riƙa sauke babban makunnin gida yana mayarwa, sau bakwai, har Umma ta ce za mu lalata mata firji. Ban yarda ba sai da na ga injin ya yi shiru kowane karo.

Inna ta kwana tara a ɗakin Umma kafin magina su tayar da katangarta. Ga masu sa irin wannan na'ura, ku gwada ta da ɗaukewar wuta tun kafin ku juya mata baya. Ga 'yan mata irina kuma, idan idonku ya ga ɓaraka, ku buɗe baki. Shiruna na kwana goma ne ya rushe ɗakin tsohuwar da ba ta taɓa rufe mini ƙofarta ba.