Kwalayen da Waanie Ya Yaga Saboda Ni

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayun 2024, ina tsakar yi wa wani aski a shagona da ke unguwar Athlone, Igshaan, ɗan aminina, ya bugo waya ya ce mahaifinsa ya cika. Riedewaan Behardien, wanda kowa a unguwa ya sani da Waanie, ya rasu da hantsi a asibiti bayan gajeriyar jinya ta ciwon zuciya. Na ajiye almakashi na nemi wuri na zauna. Mu duka na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma.

Waanie, wasu za su faɗi shekarun da ka yi kana tuƙa bas daga Mitchells Plain zuwa cikin gari ba ka taɓa yi wa fasinja tsawa ba. Wasu za su faɗi yadda ba a rasa ka a sahun farko a masallaci. Ni ɗakin nan naka na baya zan faɗa, wanda matarka Moerieda take cewa na baƙinta ne da suka ƙi tafiya. Kantoci ne tun daga ƙasa har rufi, cike da ƙananan mutum-mutumin roba na jaruman finafinan sararin samaniya: matuƙa jirage masu hular kwano, sojojin ƙarfe, da wasu halittu masu kai irin na ƙadangare. Kowanne yana cikin kwalinsa a liƙe, ana hango shi ta bayan leda.

Ka taɓa gaya mini mafarin abin. Kana yaro mahaifinka ya kai ka silima, a hanyar dawowa ya saya maka guda ɗaya, matuƙin jirgi mai jar riga. Ya ɓace a cikin kaya ranar da hukuma ta tashe ku da ƙarfi daga unguwarku ta District Six. Sai da ka girma ka yi iyali masu ƙera su suka sake fito da su, cikin kwali irin na da sak. Ka hango irin matuƙin nan naka a tagar wani kanti a Claremont, ka shiga da rigar aikinka ka saye shi. Daga nan ba ka tsaya ba.

Ranar Asabar nakan raka ka kasuwar gwanjo ta Milnerton, ba don kayan sun dame ni ba, sai don in tsokane ka. In ce, "Dattijo da furfura a gemu, kana wasan 'yar tsana!" Ka ce, "Armien, kai da ka ƙare rayuwa kana sharar gashin mutane, me ka sani?" Masu sayarwa suna shakkarka, domin ba ka yarda a gabanka a sayar wa baƙo sabon fitowa da sunan tsohon asali. Dokarka a gida kuwa ɗaya ce: a kalla da ido, kada a buɗe. Ko 'ya'yanka ba ka ɗaga wa ƙafa ba.

Shekara uku da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ni. Ƙafa ta warware da wuri, amma hannuna na dama ya dunƙule ya ƙi buɗewa. Mai aski ne ni, ba ni da wata sana'a. A asibiti aka ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa, na jefa shi ƙarƙashin gado. Na rufe shago, na ce wa matata duk wanda ya zo ta ce ina barci.

Wata Lahadi da safe ka shigo har ɗaka ba ka jira izini ba, da ledar koesister masu ɗumi, wato irin fankenmu mai zaƙi, a hannu ɗaya, kwali a ɗayan. Matuƙin nan ne mai jar riga. Ina kallo ka sa farce a gefen kwalin ka yage shi.

Na ce, "Waanie, ka samu taɓuwa ne?"

Ka ce, "Ya daɗe a tsaye wuri guda, duk ya sandare kamar hannunka. Ku taimaki juna. Ɗaga masa hannu."

"Ba zan iya ba."

"To shi ke nan, ka sa na yaga kwalina a banza."

Kunyar kwalin nan ce ta sa na gwada. Na yi gumi kamar mai ɗaukar siminti kafin hannun robar ya motsa. Kai kuwa kana gefe kana cinye koesister ɗin da ka kawo mini.

Lahadin da ta biyo baya ka zo da wani, mai hular da ake cirewa a mayar. Daga baya sai masu ƙananan kayan aiki, waɗanda ba su fi ƙwayar shinkafa ba, ka ce in maƙala musu a tafin hannu. In abu ya faɗi ka tsugunna ka lalubo shi a ƙasa, ka miƙo mini, ka ce a sake. Moerieda ta gaya wa matata cewa kakan daɗe tsaye a ƙofar ɗakin kafin ka zaɓi wanda za ka yaga. Ni ba ka taɓa nuna mini ko a fuska ba. Kafin lokacin sanyi ya wuce, kanta guda ta koma fayau. Abokanka na kasuwa suka ce ka yi ɓarna, ka ce musu kayanka ne.

Ranar da na sake buɗe shago, kai na tarar a bakin ƙofa. Ka hau kujera ka ja mayafin aski da kanka. Hannuna yana rawa, na ce ina tsoron kunnenka. Ka ce, "Yanke abinka, ina da wani." Askin bai yi kyau ba, mu duka mun sani. Ka daɗe ba ka cire hula ba, amma a ƙofar masallaci ka riƙa tare mutane kana cewa Armien ya dawo aiki.

Ranar rasuwarka Igshaan ya ce in shiga cikin masu yi maka wanka. Na zuba maka ruwa da hannun nan, na taje maka gemu a hankali, hannun bai yi rawa ba ko kaɗan. Bayan La'asar muka kai ka makwancinka a Mowbray.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Moerieda, da Igshaan, da ƙanwarsa Nazley, da dukkan dangin Behardien. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku a inda yake tsaya muku. Ya Allah ka gafarta wa bawanka Riedewaan, ka yalwata kabarinsa, ka haɗa shi da iyayensa a gidan da ba a tashin kowa. Ranar da za a raba wa bayi sakamako, ya Ubangiji, ka ba shi nasa a hannun dama. Amin.