Tarin Gidaɗo

Gidaɗo ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ramin haƙar yuraniyom a arewacin Nijar, kafin ya koma sarin tufafi a kasuwar Ataba ta Alƙahira, a ƙasar Masar. Mutum ne mai wuyar yarda, domin a ramin duk wanda tari ya kashe, sai a ce taba ce.

Da nasa tarin ya fara zuwa da jini, 'yarsa Huda ta kai shi asibiti. Likita ta duba hoton ƙirjinsa, ta tambaya ko yana shan taba.

Ya harari Huda. "Kin ji ko? Bakinsu ɗaya."

"Baba, bari ta gama mana."

Likitar ta ce kansar huhu ce. Akwai wata iska mai suna radon da ke fita daga dutsen ramin, ba wari ba launi. Ita kaɗai tana iya jawo cutar, in ta haɗu da hayaƙin taba kuwa haɗarin ya ninka.

Gidaɗo ya bar taba, amma bai yarda an fara masa magani ba sai da Huda ta kai hoton wani asibitin. Can ma abin da suka faɗa ke nan.