Shidan da Na Karanta Bakwai

Da ana mayar da magana ciki bayan ta fita, da na mayar da kalma ɗaya da na faɗa a waya wata ranar Litinin. Har yau ranar nan ba ta bar zuciyata ba, shi ya sa zan ba ku labarinta, ku da kuka shigo aiki bayana.

Lokacin ina shekarata ta biyu a Makka, ina mai kula da kayan ƙungiyar ƙwallon wata kwaleji a wajen Aziziyya. Aikina wankin riguna, hura ƙwallaye da ɗaukar ruwa. Karatuna bai wuce firamare ba, Larabcina kuwa na kasuwa ne. Lambobin Larabci ban taɓa zama na koya ba, domin rigunan wasa lambobin boko ne a bayansu, kuɗi da lambar mota kuma kowanne an rubuta iri biyu. Na boko nake dubawa in wuce. Babu wanda ya sani, ni kuma ban faɗa ba.

Ƙungiyarmu ta saba shan kashi. A shekarar ma da haka muka fara: aka ci mu wasa biyu, muka yi kunnen doki a na uku. Sai Allah ya buɗa wa wani ɗalibi, Usman ɗan unguwar Tandabawi, mai lamba bakwai. Kakanninsa Katsinawa ne, Hausarsa tana ɗingishi, amma ƙafarsa lafiya lau. Muka ci wasa huɗu a jere, kowanne da hannunsa a ciki. Saura wasa ɗaya, in muka ci mu shiga kusa da na ƙarshe, inda kwalejin ba ta taɓa zuwa ba.

Ƙa'idar gasar ita ce, wanda ya tara katin gargaɗi biyu ba zai buga wasa na gaba ba. Ƙungiyar da ta saka shi kuwa, an ci ta uku da nema ko da ita ta yi nasara. Ana manna takardar waɗanda aka dakatar a ofishin masu shirya gasa. Ran Litinin na je can karɓo ƙwallaye, sai kocinmu, Kaftin Mansur, ya kira ni a waya. Shi da yaran "ya ammi" suke ce mini, wato kawu.

"Ya ammi Sale, tunda kana nan, duba mana allo. Lamba nawa aka dakatar mana?"

Na gane layinmu da tambarin kwaleji. A gabansa ga lamba tsaye, kai a karye, sak bakwai ɗin da aka koya mini a aji ɗaya.

"Bakwai ne, Kaftin."

"Sab'a? Ka tabbata?"

Nan ne ya kamata in ce ban iya ba. Sai na ce, "Da idona nake gani."

Washegari da la'asar a filin wasa Usman ya yi ta rantsuwa katinsa ɗaya ne. Mai lamba shida kuma, wani ɗan baya mai tumbi da ake kira Fawwaz, ko takalmi bai zo da shi ba.

"Ya ammi, ni ne fa mai kati biyu," in ji shi.

Na ce, "Kai, rufe mana baki! Ka fi takarda sani ne?"

Kaftin ya dubi furfurata, ya dubi yaran, ya zaɓi furfura. Ni da kaina na aro wa Fawwaz takalmi.

Fawwaz bai taɓa cin ƙwallo ba tun da ya shiga kwalejin. Ranar, ana dab da tashi, aka bugo kwana, ƙwallo ta bugi ƙeyarsa yana kallon wani wajen, ta faɗa raga. Ɗaya da nema! Yara suka ɗaga shi sama da ƙyar, suka ajiye, suka ɗaga ni don na fi sauƙi. Kaftin ya sumbaci goshina. Muka ci shinkafa da rago a unguwar Shisha, ina ta ba da labarin yadda na tsawata wa Fawwaz.

Bayan kwana biyu takarda ta iso: an ƙwace nasarar. Kaftin ya fusata, ya ɗauke ni a mota mu je in zama shaida. Na shiga ofishin ina taƙama, na ɗora yatsa a kan takardar.

"Ga shi nan! In wannan ba bakwai ba ne, mene ne?"

Ma'aikacin ya dube ni, ya dubi Kaftin. Ya ɗauki biro ya zana wani abu kamar bakin almakashi a buɗe, ya ce wannan ne bakwai. Wanda yatsana ke kai, shidan Larabci ne.

Muka fito muka shiga mota. Kaftin ya riƙe sitiyari, ya ce, "Ya ammi, da ka tambayi ko mai shara."

Ba a kore ni ba. Kaftin ya gaya wa mudir, shugaban kwalejin, cewa laifinsa ne da bai je da kansa ba. Wannan ya fi kora ciwo. Abin da ya fi shi ciwo kuma shi ne Usman, domin shekararsa ta ƙarshe ke nan, kuma a benci ya gama ta saboda ni. Na je har gidansu neman afuwa. Ya saurare ni, ya shiga ɗaki, ya fito da littafin koyon ƙirga na ƙanwarsa 'yar shekara biyar, mai hoton tuffa da agwagi.

"Na yafe, Baba. Amma gobe zan tambaye ka daga ɗaya zuwa goma."

Na ci takwas. A kan biyu da uku na yi tuntuɓe.

A aikinmu mutane suna yarda da dattijo fiye da yadda ya kamata, musamman in ya ɗaga murya. Don Allah, duk wanda aka aika ya dubo abin da bai iya ba, ya buɗe baki ya ce bai iya ba. Kunyar ta minti ɗaya ce, kuma kai kaɗai za ka sha ta.