Ƙanƙarar da na yi wa yayyafi

Ni ɗan goro ne, kuma ɗan goro hanya ɗaya ya sani ta adana abin da yake ƙauna: ya naɗe shi a ɗanyen ganye, ya rufe da jiƙaƙƙen algarara, ya riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Haka na tashi na ga ana yi a gidanmu a Rano, ban taɓa tambayar dalili ba.

Shekarar da aka samu 'yancin kai na je Kano sarin goro, na dawo da laita ta ƙarfe, mai lagwani. Mai kantin ya haɗa mini da 'yan ƙanƙarar ƙyasta wuta goma sha biyu, kowace kamar ƙwayar shinkafa, ya ce idan ta ciki ta cinye in sa wata. Na kawo su gida na yi musu gata irin na farin goro. Wata bakwai suna shan yayyafi, ko sau ɗaya ban kwance ƙullin ba, wai kada iska ta shiga.

Surukina maƙeri ne a Fassi, ƙyastu yake ƙerawa, wato ƙarfen ƙyasta wuta, masu noma da makiyaya duk nasa suke ratayawa. Mutum ne marar yawan magana, ni kuwa bakina ba ya zama. Babu abin da nake so a duniya kamar ya ɗauke ni cikakken mutum. Sai ga ni a zaurensa ina kunna laita ina kashewa, har na ce a gaban baƙi, "Baba, ai zamanin ƙyastu ya wuce." Ya dube ni, ya ce, "To, madalla."

Da bazara ta yi ya kira gayyar sassabe. Aka tara ƙaya da kara tsibi-tsibi, ya ce wa mutane, "Ku dakata, surukina zai sa mana wutar zamani."

Na tsuguna, na murza. Shiru. Na sake murzawa har babban yatsana ya yi ja. Ta ciki ta cinye. Ban damu ba, na ciro ƙullina daga aljihu ina taƙama, na warware ganye a gaban mutum wajen talatin. Babu ƙanƙara ko ɗaya. Wani gari ne fari-fari, kamar tokar murhu, ya manne a ganyen. Wani tsoho ya leƙo ya ce, "Malam, shaƙa ake yi ko lasa?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Babu wanda ya yi dariya, saboda idon mai gona, kuma wannan shirun ya fi dariyar ciwo.

Surukina ya miƙo mini kasko ya ce, "Yi haƙuri, je ka rugar can ka roƙo mana garwashi." Rugar da nisa. Na tafi ina zaginsa a zuci, don na san ƙyastunsa na cikin aljihunsa. Da na dawo hayaƙi ya turnuƙe gonar, kowa na aikinsa, ba wanda ya kalle ni.

Na riƙe abin a raina shekara da shekaru, a ganina wulaƙanta ni ya yi. Sai bayan rasuwarsa na yi wa matata ƙorafin. Ta ce ai ƙanenta na wurin. Wai ina ba da baya babansu ya ce wa mutane, "To, ku yi dariyarku ku ƙoshi yanzu. Wanda ya rage ta har ya dawo, ni da shi ne." Ta ce shi ya fara, har da riƙe ciki.